Masu cewa suna son tsiro su ne ke ƙarar da shi a daji

Akwai wata irin sata da ta yi ƙamari a duniya 'yan shekarun nan wadda in ka ba mutumin Gusau ko na Birnin Kebbi labarinta sai ya gama yi maka dariya tukuna, wai satar tsiro. Tsiron kuma ba a cinsa, ba a magani da shi, wani ɗan mitsitsin abu ne da bai wuce kan babban yatsa ba, yana fitowa tsakanin duwatsu a busasshiyar ƙasar Namakwaland da ke yammacin Afirka ta Kudu, masana na kiransa Conophytum. Daga 2019 zuwa 2024 hukumomin ƙasar sun kama irin waɗannan tsirrai masu tara ruwa a jiki sama da miliyan ɗaya da rabi, nau'i sama da 650, kuma wanda aka kama kenan fa, wanda ya sulale ta filin jirgi da gidan waya cikin kwalin kayan wasan yara Allah kaɗai ya san adadinsa. Wasu nau'ukan a duk faɗin duniya kan tudu guda kawai suke fitowa, to ka ga mutum biyu da buhu da sukundireba sun isa su share su daga doron ƙasa kafin la'asar.

Wa ke saye? Ba kamfani ba ne, ba gwamnati ba ce. Mutane ne masu sha'awa a Chaina da Koriya ta Kudu da Japan da Turai da Amurka, waɗanda ke jera tsirrai a 'yan tukwane bakin taga suna ɗaukar hoto suna sawa a Instagram, kowa na son ya nuna yana da wanda ɗan uwansa bai da shi. Lokacin kullen korona a 2020 da aka rufe mutane a gida abin ya ƙara haukacewa, kuma tunda baƙi ba sa iya tafiya da kansu sai suka koma turo saƙo ta waya ga matasan ƙauyukan da ba su da aikin yi, ga hoto, ga wurin da yake, tono mana kaza za mu biya ka kaza. Ni a ganina wannan mai sayen, wanda in ka tambaye shi zai rantse maka duk duniya ba wanda ya kai shi ƙaunar tsirrai, shi ne tushen ɓarnar, kuma duk dokar da ta tsaya kan kama mai tono ta ƙyale mai saye wasa kawai take yi. Mu nan Kebbi da Zamfara ya kamata mu fi kowa gane wannan karatun don an taɓa yi mana shi da wasu abubuwan.

Abin da zai ba ka haushi shi ne yawancin tsirran nan ana iya shuka su daga iri, akwai gonakin da ke yin haka bisa doka kuma suna sayarwa da arha. Amma ɗan gaye mai tara tsiro ba na gona yake so ba, ya fi son wanda ya shekara talatin ko hamsin a daji rana ta gasa shi iska ta murɗe shi ya yi tabo, wai shi ne na asali. Kuma duk sanda aka ce abu ya kusa ƙarewa sai kuɗinsa ya tashi, in kuɗinsa ya tashi masu tono su ƙaru, in suka ƙaru ya ƙara ƙaranci, haka za a yi ta zagayawa har a kai ga na ƙarshe. A Biyetnam an gano wani sabon nau'in furen okid, a 2010 masana suka sa masa suna Paphiopedilum canhii suka wallafa bayaninsa, cikin 'yan watanni dillalai suka kwashe kusan duka daga inda yake. Shi ya sa yanzu masana da yawa in sun gano sabon tsiro ba sa rubuta takamaiman wurin da suka gan shi, don sun gane 'yan sumoga ma suna karanta mujallun ilimi, wani lokacin ma sun fi ɗalibai karantawa. A 2015 ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun da ke cikin haɗari ta ce kashi 31 cikin ɗari na nau'ukan kaktus, wato tsirran hamada masu ƙaya na nahiyar Amurka, suna fuskantar ƙarewa, kuma kwasar su don sayarwa na cikin manyan dalilai.

Kar wani ya ɗauka ƙananan ɓarayi ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka an kama wani ɗan Koriya ta Kudu a 2018 da tsiron Dudleya sama da 3,700 da shi da abokansa suka ɓamɓaro daga duwatsun bakin teku, aka kiyasta kuɗinsu ya haura dala 600,000. Mutumin nan ana cikin shari'a ya tsallaka Meziko ya gudu, sai ga shi an sake kama shi a Afirka ta Kudu yana tonon wasu tsirran, aka maido shi Amurka aka ɗaure shi shekara biyu a 2022. A Italiya kuma a 2020 jami'ai sun shiga gidan wani mai tara tsirrai a garin Senigallia suka tarar da kaktus sama da 1,000 da aka sato daga hamadar Atakama ta ƙasar Chile, ana aiko su ta gidan waya a bi da su ta Girka da Romaniya don a ɓatar da sawu. A 2021 aka mayar da 844 daga ciki Chile. An maida su ƙasarsu dai, amma tsiron da aka tuge ya yi yawo rabin duniya ba kasafai ake iya sake dasa shi a ramin da aka ciro shi ba.

Na san wani na karantawa yana cewa to malam mi ya haɗa mu da kaktus ɗin Chile, mu da muke fama da kanmu. Madobiya ce ta haɗa mu.

A Chaina akwai wasu kujeru da gadaje da akwatuna na jan katako da ake kira hongmu, ana ƙera su irin na zamanin sarakunan Ming da Qing, kuma masu kuɗi na sayensu ne don ado da nuna isa da ajiye dukiya, wato su ma masu tarawa ne, bambancinsu da mai ɗan tukunya bakin taga kawai girman aljihu. Da suka cinye irin wannan itacen a dazukan Laos da Kambodiya da Biyetnam sai suka juyo Afirka ta Yamma, suka tarar da madobiya, wadda 'yan kasuwar ke kira kosso, a Taraba kuma ake ce mata madrid. Suka bi Gambiya da Kasamans ta Senegal, suka bi Gana da Benin da Togo, wajen 2013 zuwa 2014 abin ya sauka Najeriya, aka fara daga su Kogi da Ekiti, da can ya ƙare aka nausa Taraba da Adamawa har ana tsallakawa Kamaru. Cikin ɗan lokaci Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen tura wannan katakon Chaina. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya fitar da rahoto a 2016 da ya nuna cewa daga 2005 zuwa 2014 irin wannan jan katakon shi kaɗai ya kai kashi 35 cikin ɗari na darajar duk namun daji da tsirran da aka kama a hannun 'yan fasa-ƙwauri a duniya, ya fi hauren giwa. Mu muna ta kallon fim ɗin giwaye da karkanda a talabijin muna tausayi, alhali abin da ya fi su tsada na wucewa ta gabanmu a bayan tirela.

To ina doka? Akwai ta, tsohuwa ma kuwa. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, an sa mata hannu a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga. Tsarinta mai sauƙi ne a takarda: jeri na ɗaya abubuwan da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe in daga daji aka ɗebo, jeri na biyu waɗanda za a iya fitarwa amma sai da takardar izini, ita kuma takardar ba a bayarwa sai masana na ƙasar sun tabbatar fitarwar ba za ta cutar da nau'in ba, jeri na uku kuma wanda wata ƙasa ta roƙi sauran ƙasashe su taya ta sa ido. An sa madobiya a jeri na biyu a taron Johannesburg na 2016, ya fara aiki farkon 2017. Sai me ya faru? A ƙarshen 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoto cewa gumagumai kusan miliyan 1.4, na kimanin dala miliyan 300, da aka tsare a tashoshin ruwan Chaina saboda ba su da takarda, an sake su bayan da aka fitar musu da takardun izini kusan 4,000 daga Abuja, bayan kayan sun riga sun bar ƙasar. Ministar muhalli ta lokacin da aka ba da takardun, Amina Mohammed, ta musanta cewa ta saɓa ƙa'ida. Ko ma mene ne, a 2018 kwamitin CITES ya dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya, a 2022 kuma aka faɗaɗa dakatarwar ta shafi duk ƙasashen da itacen ke fitowa. Darasin da na ɗauka a nan shi ne takardar izini ita ma haja ce, in kayan da ke cikin kwantena sun kai miliyoyin dala to takardar da za ta halatta su ma tana da farashi, kuma itacen da aka riga aka sare ba hatimin da zai tsayar da shi.

Duk wanda ya san kudancin Kebbi, su Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba da Yawuri da Ngaski, ko ya san Ɗansadau da dajin Kuyambana a Zamfara, ya san madobiya ba katako kaɗai ba ce. Cikin hunturu da komai ya bushe sai ka hango ta ta yi fure rawaya tun daga nesa. Da bazara lokacin da ciyawa ta ƙare shanu suka rame, ganyenta makiyayi ke hawa ya sassaro ya ba dabbobinsa su kai ga damina. Tana gyara ƙasa, tana jure gobarar daji, jan ƙaronta ana magani da rini da shi. Kuma ba ta girma da sauri, wadda injin yanka zai kayar cikin minti goma ta yiwu tun kakan mai injin na yaro take tsaye. In aka cire ta da 'yan uwanta daga daji makiyayi bai da zaɓi sai ya matso inda ke da ɗanyen ganye, wato gona, kuma mun san abin da ke biyo bayan wannan, ba sai na faɗa wa ɗan Zamfara ba. A taron CITES na Panama a 2022 an ƙara madaci da kawo cikin jeri na biyu, dalili kuwa a bayyane yake, kasuwar da ta cinye madobiya ta fara laluben na kusa da ita.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Mutum zai ce ana kashe mutane ana sace mata da yara ana karɓar harajin noma, ƙauyuka sun tashi, kai kana nan kana kukan itace. Gaskiya ne ran mutum ɗaya ya fi dajin Kuyambana gaba ɗaya. Amma ai dajin da 'yan bindiga suka mamaye bai zama dajin da aka bari ya huta ba, ya zama dajin da ba mai sa ido ne kawai. Malamin daji ba ya shiga, mai bincike daga jami'a ba ya shiga, hakimi ba ya aikawa, wanda ke shiga shi ne wanda ya yi sulhu da masu dajin ya biya su kuɗin shiga, ya saro itace ko ya ƙona gawayi ya fito. Kenan duk lodin da ya fito daga irin wannan dajin akwai kason da ya tafi sayen harsashi. Mun ga irin haka da zinare: a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Bagega da Dareta da Yargalma, zinaren ya tafi kasuwannin waje ya zama sarƙar wuyan wata, mu aka bar mu da ramuka da kaburbura. Mai sarƙar ba ta taɓa jin sunan Bagega ba, kamar yadda mai kujerar hongmu bai taɓa jin sunan garin Garba Chede na Taraba ba.

Sannan a duba wa doka ke kamawa. A Afirka ta Kudu waɗanda ke cika kotunan ƙananan garuruwan Namakwaland matasa ne marasa aiki da aka biya 'yan canji, shi kuwa wanda ya turo hoton yana Seoul ko Shanghai ko Prague yana shan shayi. Nan ma haka ne, in an tashi nuna aiki sai a kama tsoho da jaki da daurin itacen girki, ko yaro da gatari, a ƙwace gatarin a ci shi tara, kana tambayarsa zai ce maka yallaɓai yunwa ta sa, ni ban san ma mi za su yi da shi ba. Tirela mai ɗauke da gumagumai arba'in kuwa ta wuce shinge goma ba wanda ya ɗaga tamfol. Dokarmu ta kare halittun da ke cikin haɗari ta 1985 tarar naira 1,000 ta yanka wa mai laifin farko, haka aka zauna da ita shekara talatin sai a 2016 aka ɗaga zuwa miliyoyi, kuma ko ita hankalinta ya fi karkata ga dabbobi. Ga wani rikicin kuma, izinin fitar da kaya waje na Abuja ne, ma'aikatar muhalli da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli da kwastam da hukumar killace kayan gona, amma dajin kansa na jiha ne. Jiha na kallon itace a matsayin kuɗin shiga, ta karɓi kuɗin rasit ta bari a sare, Abuja kuma tana jira a tashar ruwan Legas ta tambayi takarda. Tsakanin kututture da tashar ruwa akwai kilomita kusan dubu da ba mai ɗaukar alhaki. Ga Kebbi da iyaka da ƙasa biyu, Nijar da Benin, duk wanda ya san Kamba da Dole Kaina da Lolo da Tsamiya ya san abin da bai bi ta kan titi ba zai bi ta ruwa.

Masu tara tsirran suna da tasu hujjar, kuma adalci ne a ji ta. Suna cewa ai gara tsiron na hannunmu muna ba shi ruwa da a bar shi a daji awaki su cinye ko masu haƙar ma'adinai su bi ta kansa da katafila, kuma akwai nau'ukan da ba don lambuna ba da tuni sun ɓace. Wannan na ƙarshen gaskiya ne. Amma ka dubi misalin da aka fi kawowa, wani itace mai kama da dabino da ake kira Encephalartos woodii, wanda aka gani a dajin Ngoye na ƙasar Zulu a 1895, tsiro ɗaya tal mai kututture huɗu kuma namiji. Aka yi ta ciro 'ya'yan gindinsa ana kaiwa lambuna har zuwa 1916 da aka ɗauke na ƙarshe. Yau yana nan a lambuna da gidajen masu kuɗi a ƙasashe da dama, duk namiji, duk daga jiki ɗaya, ba mace ba iri. Yana raye dai, amma ba ya haihuwa, ba tsuntsu ko ƙwaron da ke amfana da shi. Ni ban kira wannan ceto ba. Kuma ko lambunan ba su tsira ba, a 2014 ɓarayi sun shiga lambun gwamnati na Kirstenbosch a Cape Town suka tone irin waɗannan itatuwa 24, har ta kai ana sa musu 'yar na'urar shaida a cikin kututture don a gane su in an sace.

Akwai kuma masu cewa Turawa ne suka fara, yanzu sun dawo suna yi mana wa'azi. Wannan ma ba ƙarya ba ce, a 1876 Henry Wickham ya kwashi irin roba kusan 70,000 daga Brazil ya kai lambun Kew a Landan, daga nan aka kai Asiya aka karya kasuwar Brazil, aka kuma ba shi lambar girma daga baya. Sai dai haushin wannan tarihin ba zai maido mana da madobiya ko ɗaya ba, in ma da abin koyo a ciki to shi ne mai abu in bai san darajar abinsa ba wani zai sani.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu masu sha'awar da ke kashe abin da suke so. Ka zagaya tsofaffin unguwannin gwamnati a Gusau ko Birnin Kebbi ko Argungu ka dubi madatan da aka dasa bakin titi tun zamanin En'e, da wuya ka ga wanda ba a sassaƙe shi iya inda hannu ke kaiwa ba, wasu an zagaye su gaba ɗaya sun bushe a tsaye. Da can mai magani na gaskiya ɓangare ɗaya yake ɗiba, gabas ko yamma, ya shafa ƙasa a wurin ya bar itacen ya warke. Yanzu da maganin gargajiya da kayan mata suka koma kasuwar Facebook da TikTok ana aikawa Legas da Saudiyya da Ingila, buhu-buhu ake nema, mai sassaƙa kuma ana biyansa ne da yawan abin da ya kawo, to me zai sa ya bar rabi? Hano da ƙirya da marke da tsada duk suna shan wannan, wanda ake son saiwarsa kuwa shi kam tuge shi ake yi gaba ɗaya. Hajiya mai oda daga Abuja ba ta taɓa riƙe gatari ba, amma da kuɗinta ake saran.

Kuma kar mu yi zaton kasuwar 'yan tukwanen bakin taga ba za ta iso mu ba. Tinya da ke kan duwatsunmu, wadda mu muke gudun ruwanta kar ya shiga ido, masu tara tsirrai a Turai da Asiya sun san ta sarai da sunanta na masana kuma suna nemanta, ita da yawancin danginta masu tara ruwa a jiki suna jeri na biyu na CITES, fitar da su ba takarda laifi ne. Kariya mai jan fure da ƙaton gindi ana rububinta a duniya, ga karan masallaci. Abin da ya faru a Namakwaland bai buƙaci komai ba sai abu uku, matashi mara aiki, waya mai intanet, da baƙon da ke da hoto da kuɗi. Biyu na farko muna da su har sun yi yawa.

Abin da na ga yana aiki a duniya shi ne wanda ya sa mai zama kusa da abin ya fi samun riba in abin na raye. Ba sai mun je nesa ba, a Argungu an hana su a Matan Fada duk shekara sai ranar biki, kuma hanin na tsayawa ne saboda Sarkin Ruwa da masunta da masarauta duk sun san kifin nasu ne kuma ranar buɗewa kowa zai gani a ƙwaryarsa, bikin da ya samo asali tun 1934 har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Ba sojan da ke gadin kogin nan. A Maradi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 da manoma suka fara barin kututturan gona su tofo suna gyara su, kuma aka sassauta tsarin da ya mayar da kowane itace mallakin gwamnati, an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5, yawanci gawo da makamantansa. Ƙasar da ta fi tamu bushewa kenan. A Ostireliya da aka gano wani tsohon itace mai suna Wollemi a 1994 a wani kwazazzabo kusa da Sidni, gwamnati ta ɓoye wurin, sannan ta yi wayo ta riƙa ninka shi a gona, daga 2006 duk mai so ya je ya saya da kuɗinsa, sai sha'awar zuwa sata ta ragu. Ita kanta kariyar da ke tsirowa a banza a bayan garuruwanmu, manoman Tailan da Taiwan daga iri suke shuka ta suna aurar da launuka suna cika kwantena zuwa ƙasashen duniya, ba su da daji ɗaya da take fitowa da kanta amma su ke cin kuɗinta.

Don haka ni ba na cikin masu cewa a hana komai. Hani zalla a ƙasar da malamin daji ke wata da watanni ba babur ba mai, farashi kawai yake ƙarawa da kuɗin goro a shinge. Abin da nake so gwamnatocin Kebbi da Zamfara su yi bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba. A fara da sanin abin da muke da shi, ga jami'ar aikin gona a Zuru, ga ta Aliero, ga na tarayya a Birnin Kebbi da Gusau, a ba ɗalibansu aikin ƙirga madobiya da madaci da kawo da hano a inda ake iya shiga, tare da maharba da makiyaya da masu magani waɗanda suka fi kowane farfesa sanin inda suke, kuma kar a wallafa taswirar wuraren a intanet. A maido wa dagatai da hakimai ikon hurumi a rubuce, yadda in an sare itace a dajin gari to garin ne zai ba da izini kuma garin ne zai ga kuɗin, ba wani ofis a babban birni ba. A taimaki matasa da mata su kafa wuraren renon tsirrai na kariya da tinya da itatuwan magani, a nema musu takardun fitarwa na halal, yadda ranar da baƙo zai turo hoto ta WhatsApp yaron zai ce masa akwai a gonata ga farashi, maimakon ya ɗauki buhu ya hau dutse. Majalisun jihohin biyu kuma su gyara dokokin gandun daji yadda hukunci mafi nauyi zai hau kan mai tirela da mai sito da dillalin da ya ba da kuɗin somin aiki, a ƙwace motar da lodin, sunan mai ita ya fito a rediyo kamar yadda ake fito da na ɓarawon shanu.